Da wace tiya muke awon kiɗanmu?

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar hatsi a Damargu ya san ba a fara ciniki sai an dubi tiya. Mai saye yakan ɗauke ta, ya juya ta, ya shafa gindinta da yatsa, domin ya san tiyar da ta lotse ba ta faɗin gaskiya, ko da kuwa mai riƙe da ita mutumin kirki ne. A kan gero mun iya wannan taka-tsantsan tun muna yara. A kan kiɗa da waƙa kuwa, waɗanda kullum muke cika baki a tarurruka cewa su ne dukiyar da kakanni suka bar mana, mun yarda a auna mana su da kowane irin mazubi, kuma ba mu taɓa tambaya ba. Mazubin da nake nufi shi ne lasifikar da mai haɗa sauti yake saurare da ita a cikin sutudiyonsa na gida, da wurin da ya ajiye ta, da irin ƙarar da yake buɗe ta.

Na san wasu daga cikin masu karatu za su ce wannan zancen masu gyaran rediyo ne, me ya kawo shi shafin al'adu? Ni ma haka nake gani a da, sai da abin ya faɗo a kanmu.

Shekara biyu ke nan, mu wasu malaman lakwal a nan Belbeji muka yi karo-karo domin mu ɗauki muryar wani tsohon makaɗin gurmi da ƙarfinsa ya fara ja baya. Muka kai shi wurin wani saurayi mai hazaƙa da ya mayar da ɗakinsa sutudiyo. Ɗakin na siminti ne, mita 4 kowane gefe, rufin kwano. Yana da na'ura mai ƙwaƙwalwa, da makirfo mai kyau, da manyan lasifikoki biyu irin na gidan biki: ɗaya a kusurwa bisa akwatin ƙarfe, ɗaya a ƙasa kusa da ƙofa. Tsoho ya yi kiɗa na yini guda. Da aka zo haɗawa, saurayin ya buɗe ƙara har kwanon rufi na rawa, ya ce gurmin ya yi kauri da yawa, yana cinye murya, ya shiga rage masa kauri har sai da ya yi daidai a kunnensa. Mu ma da ke tsaye a bayansa muka gyaɗa kai, domin a cikin ɗakin nan abin ya yi daɗi ƙwarai.

Bayan mako ɗaya muka sa wa tsoho aikin a lasifikar lakwal, a tsakar fili. Ya saurara har ƙarshe bai ce uffan ba. Na ce, “Baba, yaya ka ji?” Ya ce, “Malam, muryar dai tawa ce. Amma wannan abin da ke ƙara ba gurmina ba ne, kamar an ɗaura tsirkiya a gwangwani.” Muka koma wurin saurayin don a gyara, muka tarar ya goge ɗanyen ɗaukar saboda na'urarsa ta cika, abin da ya rage sai wanda aka riga aka haɗa. Yau hannun tsohon nan rawa yake yi, ba ya iya riƙe gurmi. Abin da jikokinsa za su ji ke nan, kuma za su ɗauka haka kiɗansa yake.

Ba na ɗora wa yaron laifi. Kunnensa lafiya lau, niyyarsa ma haka. Tiyarsa ce ta lotse, kuma babu wanda ya taɓa gaya masa. Laifin namu ne, mu da muka yi karatu, muke koyar da lissafi da kimiyya, muke shugabantar ƙungiyoyin raya al'adu, amma muka tsaya a bayansa muna gyaɗa kai.

Abu na farko da ya kamata mu gane shi ne lasifika iri biyu ce, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne. Lasifikar biki maroƙiya ce: an ƙera ta don ta kambama, ta cika fili, ta sa ƙirji ya girgiza, ta rufe aibi. Lasifikar awo, wadda masu sana'ar ke kira monita, shaida ce: an ƙera ta don ta faɗi abin da ke cikin ɗaukar, mai daɗi da marar daɗi, ba ragi ba ƙari. Wanda ya kai maroƙi gaban alƙali a matsayin shaida ya san irin hukuncin da zai samu. Kuma girma ba shi ne gaskiya ba a wannan fanni. A shekarun 1970 gidan rediyon BBC ya ƙera wata ƙaramar lasifika mai suna LS3/5A, wadda tsawonta bai wuce na littafin rajista ba, don injiniyoyinsa su riƙa tantance sauti a cikin motocin ɗaukar shiri, inda wuri ya yi ƙunci. A 1978 kamfanin Yamaha na Japan ya fitar da NS-10, wadda masu saye don nishaɗin gida ba su yi marhabin da ita ba, amma ta mamaye manyan sutudiyo na duniya har aka daina ƙera ta a 2001. Dalilin farin jininta a wurin masu aiki shi ne ba ta lallashin kowa: in haɗin ya yi kyau a bakinta, to zai yi kyau a ko'ina.

Abu na biyu ya fi na farko nauyi, kuma shi ne wanda ba a faɗa wa matasanmu sa'ad da ake sayar masu da kaya: ɗaki ma kayan kiɗa ne. Makaɗanmu na gargajiya sun san haka. Mai ganga ya san amonsa a cikin soro daban yake da amonsa a dandali, mai algaita ya san inda zai tsaya a ƙofar fada. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a cikin sakan ɗaya, a zafin bazararmu ma yakan kai 355. In ya fito daga lasifika ya bugi bango sai ya dawo, ya haɗu da wanda ke biye da shi. A wani wuri su taru su yi ƙarfi, a wani wuri su kashe juna. Lissafin ba ya fin ƙarfin ɗan kolej: a raba 343 da ninki biyu na tsawon ɗaki. Ɗaki mai mita 4 zai ba da kusan 43, wato amon da ke kaɗawa sau 43 a sakan zai riƙa kumbura a jikin bango yana shaƙewa a tsakiyar ɗaki. Ninkinsa ma, 86 da 129 da 172, kowanne yana da wuraren da yake kumbura da wuraren da yake ɓacewa, kuma a wannan yanki ne kaurin ganga, da na tende, da na gurmi, da na muryar dattijo suke zaune. In ɗakin tsawonsa da faɗinsa ɗaya ne, kamar na saurayinmu, matsalar ninkuwa take yi, domin bango huɗu duka amo ɗaya suke goya wa baya.

Sa'an nan ga sharrin kusurwa. Lasifikar da aka jingina da bango kaurinta yana iya ƙaruwa da desibel 6, wadda aka cusa a kusurwa kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. To mai haɗa sauti yana jin kauri mai yawa wanda ba ya cikin ɗaukar, ɗakinsa ne ya ƙirƙiro shi, sai ya sa hannu ya rage. Da aikin ya fita daga ɗakin, kaurin ƙarya ya tsaya a gida, ragin gaskiya ya bi aikin duk inda ya je. Abin da ya sami gurmin tsoho ke nan. Wanda kuma ya zauna a tsakiyar ɗaki daidai, inda kauri ke shaƙewa, akasin haka zai yi: zai yi ta ƙarawa har ganga ta binne mawaƙi. Kuskure biyu ne, amma tushensu ɗaya.

Abu na uku shi ne ƙara, kuma a nan ne al'adarmu ta yau ta fi cutar da mu. Mun wayi gari muna ɗaukar ƙara a matsayin daɗi, daga gidan suna har majalisar shayi. Tun 1933 wasu masana biyu a Amurka, Fletcher da Munson, suka nuna cewa kunnen ɗan Adam ba ya jin kowane amo daidai wa daida, kuma jinsa yana sauyawa da ƙara: in an sassauta, kauri yakan ɓuya, in an buɗe sosai, kauri yakan taso ya cika kunne. Ma'ana, wanda yau ya yi haɗi da ƙara sosai, gobe ya yi a hankali, da tiya biyu yake awo, ba zai taɓa sanin nauyin abin da ya auna ba. Bayan haka ga lafiya. Hukumar lafiya ta duniya ta ce babban mutum kada ya wuce awa 40 a mako yana sauraren desibel 80, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci gida biyu. Yaron da ke wuni a ɗakin da kwano ke rawa yana cinye jarinsa ne da kansa. Siririn amo shi ke fara ɓace wa kunnen da ya gaji, kuma ba ya dawowa. Shi ya sa za ka ji wasu haɗe-haɗen suna da kaifi kamar allura: mai yin su ya daina jin abin da yake ƙarawa.

Me ake buƙata don a gyara? A nan ne nake son shugabannin ƙungiyoyi su buɗe kunne, domin amsar ba ta cikin takardar neman tallafi. Igiya ce, da mitar tela, da madubi, da rabin yini.

A fuskanci gajeren bango, tsawon ɗaki ya kasance a bayan mai aiki. A sa teburi a tsakiyar faɗin ɗaki, yadda nisan lasifikar dama da bangon dama zai zama daidai da nisan ta hagu da bangon hagu. Kujera kada ta zauna a tsakiyar tsawon ɗaki, kada kuma ta jingina da bangon baya. Masu sana'ar sukan fara gwadawa daga kashi 38 cikin 100 na tsawon, wato kusan mita ɗaya da rabi daga bangon gaba a ɗaki mai mita 4, sa'an nan su matsa gaba ko baya kaɗan suna saurare. A yanki igiya mai tsawon mita 1 da santimita 20: tsakanin lasifikokin biyu igiya ɗaya, daga kowace lasifika zuwa kan mai saurare igiya ɗaya, kamar duwatsun murhu uku. A karkato su su dubi kunnuwansa, ƙaramin bakin da ke fitar da siririn amo ya yi daidai da tsayin kunne yana zaune. A fitar da su daga kusurwa. A bar tazarar kamar taƙi ɗaya tsakaninsu da bangon gaba, in suna da maɓallin rage kauri a baya a yi amfani da shi. Tazarar mita ɗaya kuwa tarko ce, domin amon da ya dawo daga bango zai kashe wanda ke kaɗawa kusan sau 86 a sakan. Kada a aza su a kan akwatin ƙarfe ko teburin katako mai rawa. Tubali da aka jera, da ɗan soso a ƙarƙashi, ya wadatar.

Sai madubi. Mai aiki ya zauna a kujerarsa, wani ya riƙa jan madubi a jikin bangon gefe. Duk inda ya hango lasifika a cikin madubin, nan ne sauti ke karyowa ya iso kunnensa a makare, nan ne za a rataye abu mai kauri da laushi: bargo ninki biyu ko uku da aka ɗan janye daga bango, ko buhu da aka cusa wa auduga ko tsumma. A kusurwoyi a tsayar da tsohuwar katifa a naɗe. A bangon baya kantar littattafai tana warwatsa amo, kuma malami dai ba ya rasa ta. Kwalin ƙwai da matasanmu ke liƙawa a bango ado ne kawai. Siririn soso ma siririn amo yake sha, ya bar kaurin da ke da matsala yana yawo. Ɗakin ƙasa mai rufin azara, wanda wasu ke jin kunyar kira sutudiyo, ya fi ɗakin siminti da kwano sauƙin sha'ani: ba ya rawa, ba ya shigo da hayaniyar waje sosai, kuma sanyinsa yana rage buƙatar fanka. A guji dai ɗaki mai zagaye ko mai tuluwa, domin bango mai lanƙwasa yana tara amo a wuri ɗaya.

Daga nan sai daidaita ƙara. Akwai wata shuu mai kama da ta ruwan sama, wadda manhajojin haɗa sauti ke iya fitarwa. A sa ta a lasifikar hagu ita kaɗai, a auna daga kujera da ma'aunin desibel, ko na cikin salula ne, sa'an nan a sa a ta dama, a murɗa har su ba da lamba ɗaya. Gidajen silima a 85 ake daidaita su, amma ƙaramin ɗaki tsakanin 75 da 79 ya ishe shi. A yi wa maɓallin ƙara alama da alƙalami, kullum a nan za a yi aiki. Wanda ba shi da ma'auni ya riƙe wannan: in ba ka iya magana da na kusa da kai sai ka ɗaga murya, ka wuce iyaka. A ƙarshe a sa murya ɗaya ta fito daga lasifikokin biyu tare. In an daidaita da kyau, za a ji ta tsaye a tsakiya kamar mutum na zaune a gabanka. In ta karkace ko ta watse, akwai igiyar da ba a auna daidai ba, ko wayar da aka haɗa a juye.

Na san abin da za a mayar mini. Za a ce jama'armu a salula suke saurare, salula kuwa ba ta fitar da kauri, to wahalar me? Gaskiya ne salula ce kasuwar kiɗanmu. Mdou Moctar ya ɗauki kundinsa Anar a Sakkwato a 2008, waƙoƙin suka ratsa Sahara daga waya zuwa waya, har ɗaya daga cikinsu ta shiga tarin da Sahel Sounds ya fitar a 2011, daga nan duniya ta san shi. Amma wannan labari hujjata ce, ba hujjarsu ba. Waƙar da aka haɗa yau a Belbeji ko Tanut gobe tana iya shiga motar haya, ko gidan rediyon karkara, irin waɗanda suka yaɗu a Nijar tun da aka buɗe na Bankilare a 1999, ko kunnen wani a Paris. Mai haɗi bai san inda aikinsa zai kwana ba. Hanya ɗaya da zai tabbata aikin zai tsaya da ƙafarsa a ko'ina ita ce ya haɗa shi a kan shaida mai gaskiya, sa'an nan ya gwada a salula, da mota, da ƙaramin rediyo. Ba a ɗinka riga a kan inuwa.

Za a kuma ce babu kuɗi. Ban ce kowa ya sayi lasifikar Turai ba. Ƙananan lasifikoki biyu masu arha da aka ajiye daidai sun fi masu tsada da aka jefa a kusurwa. Wanda ba shi da ko waɗannan, abin sawa a kunne mai kyau ya fi masa ɗaki maƙaryaci, muddin bai buɗe shi sosai ba. In ɗakin ya gagara gyara ma, a fita waje a yi ɗaukar. Kundin farko na Les Filles de Illighadad, wanda ya fito a 2016, a sararin ƙauyensu aka ɗauke shi a ƙasar Abalak, tende da tafi da murya, kuma ya zagaya duniya. Fili ba shi da bangon da zai yi ƙarya, mu kuwa a Damargu fili ba ya cikin abin da muka rasa.

Wasu matasan kuma za su ce akwai manhajar da ke auna ɗaki ta gyara sauti da kanta. Akwai, har da ta kyauta irin su REW, kuma tana da amfani ga wanda ya sami makirfon awo. Sai dai tana iya rage amon da ya kumbura, ba ta iya cike ramin da bango ya haƙa: duk abin da ka ƙara a wurin, bangon zai dawo da daidai shi ya kashe. Sai an matsar da kujera da lasifika tukuna.

To mu malamai da ƙungiyoyi, mene ne namu? Sau nawa muka ga ƙungiya ta sami ɗan tallafi, abin da aka fara saye shi ne manyan lasifikoki, saboda su ake gani a hoto ranar bikin miƙa kaya? Sau nawa muka kai dattijo a ɗauke shi, ba mu tambayi inda za a ajiye ɗanyen ɗaukar ba? Ya kamata kowace ƙungiya ta mayar da abu uku sharaɗi. Kafin a biya, wani daga cikinmu ya shiga ɗakin da igiya da mita. Kafin a ce an gama, makaɗin da kansa ya saurari aikin a wuri biyu ko uku, domin babu kunnen da ya san gurmi kamar na mai shi. Kuma ɗanyen ɗauka, wanda ba a taɓa ba, a kwafe shi gida biyu, ɗaya ya zauna a hannun ƙungiya. Malamin lissafi da na kimiyya kuwa ga darasi a ƙofar ajinsu: yara su auna aji, su raba 343, su tafa hannu a kusurwa da tsakiya, su ji bambanci da kunnensu. Daga cikin yaran nan ne masu sutudiyon gobe za su fito.

Muna da abin koyi daga cikinmu. Malam Maman Barka, ɗan ƙasar Taskar a jahar Damagaram, malamin lakwal ne kafin duniya ta san shi da kiɗa. Da ya ga biram, kayan kiɗan Buduma na bakin tafkin Cadi, yana shirin ɓacewa, sai ya je ya zauna gaban Bukar Tar ya koya, ya kuma ɗauke shi a faifai. Ya rasu a 2018, Allah ya jiƙansa, amma mai son jin amon biram yau yana da inda zai je. Belbeji ta zama gunduma mai zaman kanta tun 2011, kuma a kwarin Tarka akwai Hausawa, da Buzaye, da Fulani, kowa da gangarsa, da gogensa, da waƙar daka ko ta kiwo da ba a rubuta a ko'ina ba. UNESCO ta sa imzad cikin jerin gadon ɗan Adam a 2013, amma takardar UNESCO ba ta da amo. Amon yana hannun tsofaffi, kuma galibinsu sau ɗaya za su zauna gaban makirfo.

Tsohonmu na gurmi har yanzu yakan tambaye ni, in na je gaishe shi, ko an samo ɗanyen. Nakan ce masa ana nema, alhali na san ba za a samu ba. Akwai wata tsohuwa mai waƙar niƙa da muka yi alkawarin ɗauka bayan girbi. Saurayin nan ya fitar da lasifikokinsa daga kusurwa, ya ari wasu ƙanana, ya yi wa maɓallin ƙara alama da jan biro. Igiyar awon tana rataye a ƙusa bayan ƙofarsa, kuma a wannan karo da ita za mu fara.